SHEKARA 100 DA SAUKAR JIRGI A KANO: LISSAFIN DA JIRGIN SAMA YAKE YI KAFIN YA SAUKA A GARINKU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

A watan Nuwamba na 2025 aka cika shekara 100 cif da saukar jiragen sama na farko a Kano. Zancen da nake yawan ji kuma a bakin mutanenmu na ƙasar Gumel shi ne na dakon kaya ta sama. Ana cewa tunda Jigawa tana da filin jirgi a Dutse, ga kasuwar Maigatari, ga riɗi da zoɓo da ake nomawa tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar, me zai hana a riƙa loda su a jirgi kai tsaye zuwa ƙasashen waje? Wasu abokaina ma har cewa suke a gina mana namu filin a Maigatari kawai a huta. Buri ne mai kyau, ni ma ɗan ƙasar ne, ina son in ga ranar. Amma kafin a zuba biliyoyin talakawa a kwalta da gini, ya kamata mu san irin lissafin da mai jirgi yake yi kafin ya yarda ya sauka a gari. Tarihin Kano kaɗai ya ishe mu makaranta.

YADDA KANO TA ZAMA ZANGO

Ranar 27 ga Oktoba 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne masu fiffike biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne mutum biyu yake ɗauka. Suka biyo ta Sudan da Chadi, suna sauka suna shan mai, sai ranar 1 ga Nuwamba suka iso Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a lokacin, a filin dawaki suka sauka.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa ta har Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingilishi, sai suka koma kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, su ƙare a Masar. Dubban jirage suka bi ta wannan hanya.

Bayan yaƙi harka ta buɗe sosai. KLM na Holan ya fara sauka Kano a 1947 a hanyarsa ta zuwa Afirka ta Kudu. BOAC na Ingila yana sauka, Sabena na Beljiyam mai zuwa Kongo yana sauka. A 1957 aka buɗe sabon ginin filin jirgin. Turawa da yawa da suka gangara kudancin Afirka ta jirgin sama a wancan zamani sun taka ƙasar Kano.

To me ya sa Kano? Duk wanda ya san harkar raƙuma a kasuwar Maigatari ya san amsar. Ayarin Buzaye masu zuwa Bilma ɗauko gishiri, idan za su ratsa Tenere, dole raƙuma su ɗauki dammunan ciyawar da za su ci a hanya, domin babu kiwo a can. Duk damin ciyawar da ka ɗora wa raƙumi, ka rage masa kayan sayarwa. Shi ya sa fatake suke son zango a bakin hamada, inda za a sha ruwa a sake guzuri. Jiragen farfela na wancan lokaci haka suke. Idan suka tsallako Sahara daga Turai, tankinsu ya kusa ƙafewa, kuma babban gari na farko da ke bakin hamadar, mai layin dogo da zai kawo mai daga teku, shi ne Kano. Ƙishirwar jirgi ce ta ɗaukaka filin Kano.

RAƘUMIN DA BA YA BUƘATAR ZANGO

Bari in ɗan taɓa yadda ake ƙera jirgin, don a gane abin da ya biyo baya. Abubuwa huɗu ne suke kokawa a jikin kowane jirgi yana sama. Nauyinsa yana jan sa ƙasa. Iskar da ke bi ta fiffike tana ɗaga shi. Inji yana tura shi gaba. Iskar da yake ketawa tana turje masa. Duk aikin maƙerin jirgi sulhu ne tsakanin waɗannan huɗun, kuma duk abin da ya samu ta nan sai ya biya ta can. Ka ƙara girman fiffike, jirgi zai tashi a gajeren titi, amma ka ƙara nauyi da turjiya, zai sha mai a sama. Ka ƙara tanki don ya yi nisa, ka rage kujeru ko kaya.

Ga misali da Boeing 747-400, irin wanda alhazanmu suka sani. Iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi kusan tan 397 ne. Jikinsa kaɗai, babu mai babu mutum, wajen tan 180. Idan aka cika tankinsa fal, lita dubu 216 da ɗoriya, man ya kai wajen tan 170. Ku yi lissafin da kanku: abin da ya rage wa fasinja da kayansu bai wuce tan 45 zuwa 50 ba. Kuma wani ɓangare na man nan, aikinsa kawai ɗaukar sauran man ne, kamar raƙumin da yake cin ciyawa don ya samu ƙarfin ɗaukar ciyawa.

A 1958 Boeing 707 ya fara aiki, zamanin jet ya kankama. Injin jet yana jin daɗin aiki can sama, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda iska take da sanyi kuma ba ta da kauri. A can yake gudu kusan ninki biyu na jiragen farfela, ya yi nisan da ba su taɓa yi ba. Matsalarsa ɗaya, na farkon suna buƙatar dogon titi, musamman a ƙasashe masu zafi.

Nan Ingilishi suka ce sun ga dama. Suka ƙera jirgi musamman domin filaye irin na Afirka, masu zafi da gajeren titi, suka sa masa suna VC10. Injinansa huɗu duk a baya suke kusa da wutsiya, an bar fiffiken fes don ya ɗaga da wuri. Tafiyarsa ta farko da fasinja, a Afrilun 1964, daga Landan zuwa Legas ce. Matuƙa sun so shi, fasinja sun so shi saboda ba shi da ƙara a ciki. Amma guda 54 kacal aka ƙera, alhali dangin 707 sun kai wajen dubu. Dalili? Ƙasashe sun ga ya fi sauƙi su tsawaita titunansu, kuma da aka tsawaita, sai aka koma duba nawa kowace kujera take ci a kowace kilomita. A wannan lissafin 707 ya fi araha. Jirgin da aka ƙera dominmu kenan, kyawun ƙira bai cece shi ba.

Daga nan kowane sabon jirgi sai ya fi na baya nisan zango. 747 ya shigo a 1970, samfurinsa na 400 yana iya wuce kilomita dubu 13 bai sauka ba, ga shi Amsterdam zuwa Johannesburg wajen dubu 9 ne kawai. Sauka kuma asara ce ga mai jirgi: kuɗin fili, man sake hawa sama, awa ɗaya ko biyu da jirgi zai yi a ƙasa ba ya kawo ko sisi. Kamfanoni suka janye ɗaya bayan ɗaya. KLM da ya fi kowa daɗewa ya tattara nasa a 2012, bayan shekara 65.

Na san da yawa suna ɗora laifin duka a kan gwamnatin tarayya, cewa an karkatar da komai Legas da Abuja. Akwai gaskiya a ciki, kuma mutuwar masana'antun Sharaɗa da Bompai da rashin tsaron wancan lokaci duk sun taimaka. Amma tushen abin shi ne an samu raƙumin da ba ya buƙatar zango. Har gobe sararin samaniyar Najeriya a taswirar matuƙa da sunan Kano ake kiransa, jiragen Turai masu zuwa kudu suna wucewa ta kanmu, sai dai mu ga farin layi a sama.

ZAFIN RANA MA YANA CIKIN LISSAFI

Mu da muke zaune inda zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ya shafe mu kai tsaye. Iska mai zafi ba ta da kauri. Fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa. Jirgin da zai tashi da cikakken kaya da asuba, da azahar sai ya buƙaci ƙarin titi, ko a rage masa kaya.

Mutanen Kano ba za su manta da ranar 4 ga Mayu 2002 ba. Jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya taso da tsakar rana, ya cinye titin bai ɗaga yadda ya kamata ba, ya faɗa kan gidajen jama'a a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na gida. Zafin ranar yana cikin abubuwan da masu bincike suka ambata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Don haka idan aka ce za a gina fili a yankinmu, tsawon titi da ƙarfinsa ba abin da za a yi wa kwange ba ne, ga kuma hazon hunturu da ke buƙatar na'urorin saukar da jirgi ko matuƙi ba ya ganin ƙasa. Duk kuɗi ne, kuma kuɗin kula da su ba ya tsayawa ko jirgi ya zo ko bai zo ba.

ME YA SA JIRAGEN ALHAZAI TSOFAFFI NE?

Kakanninmu a ƙafa da jakuna suke tafiya Makka ta Chadi da Sudan, wani ya shekara biyar, wani ya zauna a can gaba ɗaya, shi ya sa har yau akwai zuriyar Hausawa a Sudan. Yau Kano zuwa Jidda kilomita dubu 3 da ɗari 4 ne, awa huɗu da 'yan kai. Wannan ni'ima ce babba. Amma kun taɓa tambayar me ya sa Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal daga baya, suka dogara da 747 da manyan kamfanonin duniya suka gama yayinsu?

Kuɗin jirgi kashi biyu ne. Akwai wanda kake biya ko jirgi ya tashi ko yana ajiye, wato kuɗin sayensa ko hayarsa, inshora da albashi. Akwai wanda sai ya tashi kake biya, babbansu mai. Sabon jirgi yana da tsadar saye amma ba ya shan mai, ya dace da kamfanin da zai sa shi aiki awa goma sha a kullum, shekara zagaye. Tsohon jirgi yana da arahar saye amma mashayi ne, 747 yana ƙona wajen tan 10 a kowace awa. Aikin Hajji kuwa na 'yan makonni ne a shekara, kuma jirgi yana kai alhazai cike ya dawo wayam, a kwaso su ma ya tafi wayam. Ka ga kujerar alhaji tana biyan tafiya huɗu ne, biyu da mutane biyu babu kowa. Wanda zai ajiye jirgi wata da watanni, tsoho ne ya fi masa. Duk direban da ya taɓa sayen tsohuwar tirela don aikin kaka kawai ya san wannan lissafin.

A Hajjin 2023 mun ga yadda abin yake. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage su yi zagaye, nan take kamfanonin suka nemi ƙarin kuɗi. Haka a 2022, da litar man jirgi ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700, kamfanonin cikin gida har sanarwar dakatar da aiki suka yi a watan Mayu kafin a lallashe su.

FILIN DUTSE

Gwamnatin Sule Lamido ce ta gina filin Dutse, aka buɗe shi a 2014, a 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. Ya yi wa alhazan Jigawa rana, wannan babu musu. Wanda ya taɓa raka tsohuwarsa sansanin alhazai na wata jiha, aka kwana uku ana jiran jirgi, ya san darajarsa.

Amma zirga-zirgar yau da kullum ita ce take wahala, kuma dalilin a fili yake. Dutse zuwa Abuja bai kai kilomita 400 ba. Jet irin Boeing 737 yana gama hawa sama sai ya fara shirin sauka, ya ƙona man hawa bai ci moriyar can sama ba. Irin wannan tafiya ta jirgin farfela na zamani ce, irin ATR mai kujera 50 zuwa 70. Ko shi ɗin ma sai an cika yawancin kujerun, zuwa da dawowa, kullum, domin kujerar da ta tashi babu kowa ta tafi kenan, ba a ajiye ta a sayar gobe kamar buhun gero. Sannan ga Kano a kusa. Mutumin Gumel da zai je Abuja, tafiyarsa zuwa filin Malam Aminu Kano da zuwa filin Dutse kusan ɗaya ce, kuma a Kano idan wannan jirgi ya wuce shi akwai wani. Ina zai nufa?

TO RIƊINMU DA ZOƁONMU FA?

A duniya gaba ɗaya, kayan da ake ɗauka ta sama ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kayan ciniki ba, amma a daraja sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Wato abin da ke hawa jirgi shi ne mara nauyi mai tsada, ko mai saurin lalacewa: magani, wayoyi, furannin Kenya da Habasha da dole su isa kasuwar Turai kafin su yanƙwane.

Mu gwada da riɗi. Babban jirgin dakon kaya na 747 yana ɗaukar wajen tan 110, wato lodin tirela uku zuwa huɗu. Daga nan zuwa Turai awa shida, mai wajen tan 60. Kowane kilo na riɗi ya ƙona fiye da rabin kilo na man jirgi kenan, tun ba a zo kan hayar jirgi, albashin matuƙa da kuɗin fili ba. Idan kuma jirgin wayam ya zo ɗaukar kayan, riɗin ne zai biya zuwan ma. Ga shi riɗi ba ya sauri. Busasshen kaya ne, zai yi wata biyu a kwantena a kan teku ya isa Japan ko Turkiyya lafiya lau. Zoɓo ma da Meziko take saya haka, shi ma ya fi muni a jirgi saboda cin wuri ga rashin nauyi. Babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin sauri a kan kayan da ba ya sauri.

Abin da riɗi da zoɓo da ƙaro suke buƙata yana nan a ƙasa, kuma mun taɓa samunsa. Layin dogon Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ta ƙasarmu ya ratsa, sunan Gagarawa Tasha ma daga nan ya samo asali. Da shi aka kwashe gyaɗar kakanninmu. Yanzu kuma ga aikin layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, da reshensa zuwa Dutse. Idan da muryarmu ɗaya ce, a kan dogo, da hanya mai kyau daga Maigatari, da injinan tankaɗe da gyaran riɗi ya kamata mu ɗaga ta, yankin cinikin nan na Maigatari da aka kafa tun zamanin Saminu Turaki ya samu abin yi.

Akwai kaya ɗaya da nake ganin zai iya hawa jirgi daga wurinmu: nama. Duk ranar Alhamis dabbobin da ke shiga Maigatari daga Nijar ba sa ƙirguwa, a loda su a tirela da ransu zuwa kudu, su rame a hanya, wasu su mutu. Habasha tana yanka awaki da tumaki a mayankar zamani, ta sanyaya, ta loda a jirgi zuwa Dubai da Saudiyya. Nama yana da daraja a kilo, kuma yana sauri. Amma ku lura da jerin abin da ke gaban jirgin: mayanka mai tsafta, wutar da ba ta ɗaukewa, motocin sanyi, likitocin dabbobi, takardar lafiya da ƙasar mai saye ta yarda da ita, da ɗan kasuwar da ya sa hannu zai saya kowane mako. Idan waɗannan suka samu, ba sai an roƙi mai jirgi ba, kuma filin Dutse da na Kano sun ishe mu, ba sai an gina na uku ba.

Don haka 'yan uwa, duk ɗan siyasar da ya zo Gumel ko Maigatari ya ce zai kawo mana jirgin dakon kaya, mu karɓe shi hannu biyu, mu ba shi ruwa, sannan mu yi masa tambaya huɗu. Wane kaya ne, kuma nawa ne kilonsa a can? Tan nawa za a samu kowane mako, rani da damina? Me jirgin zai kawo mana in zai zo? Idan kuɗin bai fita ba, wa zai cike giɓin, kuma daga kason wace makaranta ko wane asibiti za a cire? Wanda ya amsa huɗun nan da alƙaluma, ni ne na farko da zan yi masa kamfe.

Masu sana'ar riɗi da dillalan kara na Maigatari da ke cikinmu, ku ne kuka san farashin yau da kuɗin mota zuwa Legas, ku kawo alƙalumanku mu haɗa lissafin tare. Allah ya albarkaci nomanmu da kiwonmu, ya ba shugabanninmu basirar sanin abin da za a fara da shi. Amin.